Ranar da Na Ari Muryar Baba Lasisi

Ko da tsufa zai zo ya kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da wani yammacin Asabar a Fagge ba, ranar da na tsaya ƙiƙam a tsakiyar ɗakin biki da cokali a hannuna, jama'a sun yi tsit, kowa ya juyo yana kallona. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai, ko a kan mashin nake, sai in ji gumi ya karyo mini.

Bari in fara gaya muku irin mutumin da nake a wancan lokacin, don kada ku ɗauka tsautsayi ne kawai.

Sana'ata haɗa kiɗa. Ba ni da kamfani, ba ni da ubangida. Wani ɗan ɗaki na kama a saman shagon kayan gyaran mota a Sabon Gari, na lulluɓe bangon da soso da tsofaffin barguna, na ajiye kwamfuta da fiyano da makirfo. Mawaƙi ya zo da waƙarsa a baki, ni in yi mata kiɗa, in ɗauki muryarsa, in gyara, ya tafi da ita. Kuma ba yabon kai ba, ina da kunne. Matsalar ita ce na san ina da shi. A tunanina mai baiwa ba ya aiki da agogo, sai abin ya motsa masa. Idan ya motsa, in shige ɗaki in manta da abinci. Idan bai motsa ba, in kwashe mako ina latsa waya, ina sauraron abin da wasu suka fitar, ina taɓe baki ina cewa ai na fi su. Kullum kuma sai na ɗora hotona a sitatus, na toshe kunnuwa da abin sauraro, na sunkuya a kan fiyano, na rubuta "Ana kan aiki." (Sau da yawa kwamfutar ma a kashe take, ba wuta.)

Duk wanda ya kira ya tambayi ina aka kwana da aikinsa, amsata ɗaya ce: "Ai saura kaɗan." Komai nawa saura kaɗan ne. Ni kaina ban san abin da na gama da abin da ban gama ba.

To, ina da aboki, Rashidi. Tare muka tashi, katanga ce kawai tsakanin gidanmu da nasu. Asalin iyayensa mutanen Ogbomosho ne, amma shi a Fagge aka yanke masa cibiya, kuma idan ana musun Hausa ni yake kayarwa. Mahaifinsa, Baba Lasisi, ɗan kasuwa ne a kasuwar Singa, mutum mai faɗa a baki da sanyin zuciya. Muna yara idan ya dawo ya tarar mun cika masa ƙofar gida da ƙwallo, sai ya ɗaga murya: "Ku tashi mini, malalata! Wallahi tallahi ba ku da aikin yi!" Mu watse. Kafin ya shiga gida kuma sai ya zura hannu a aljihu ya miƙa wa mafi ƙanƙantarmu alewa ya ce a raba. Hausarsa tsaf take, sai dai tana da wani lanƙwaso nata, kamar yana rera ta. Duk yaran layin suna kwaikwayonsa, amma ba wanda ya kai ni. Da wannan kwaikwayon na yi suna tun kafin in san fiyano.

Baba Lasisi ya rasu bayan doguwar jinya, ana tsakiyar maganar auren autarsa, Mulika. Aka ɗaga bikin zuwa shekara mai zagayowa.

Wata rana kafin azumi Rashidi ya hawo situdiyo. Bai yi wasan da muka saba ba. Ya zauna, ya fito da wayarsa, ya ce, "Mutumina, ba aiki na kawo maka ba, amana ce."

Ashe kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa, Baba ya sa Rashidi ya ɗauki muryarsa a gadon asibiti. Ya kunna mini. Ga ƙarar fanka, ga takun mutane, ga tari. Sai wata murya da na kusa kasa ganewa, ta sirance, tana fita da ƙyar: "Mulika, ƙila ranar ba na nan. Idan ba na nan, to ga ni." Daga nan ya shiga yi mata addu'a, Hausa da Yarabanci da Larabci, yana tsayawa ya ja numfashi, ya ci gaba, har ya kai ƙarshe.

Saƙon ya ƙare. Rashidi ya ce Mulika ba ta san da saƙon ba, shi da mahaifiyarsu, Alhaja, kaɗai suka sani. Suna so in tace muryar ta fito sarai, in yi 'yar gajeriyar waƙa ta amarya kafin ta, a kunna ranar walima. "Amma Alhaja ta ce kada ka sa kiɗa a ƙarƙashin addu'a. Kiɗa ya tsaya cak, sannan Baba ya yi magana."

Na dafa ƙirji na ce, "Rashidi, Baba ubana ne. Ka ɗauka an gama."

A ranar abin ya motsa mini. Kafin la'asar na haɗa kiɗan, mai sanyi, har ni kaina ya taɓa ni. Na tsara baitocin. Mawaƙiyar da nake so ta rera ba ta gari, don haka na yi abin da kowane mai haɗa kiɗa yake yi, na rera da kaina don in riƙe mata wuri, na matse murya kamar ta mace. (Wanda ya taɓa jin ɗan akuya ya maƙale a shinge ya san abin da nake nufi.) Da na zo inda kiɗa zai tsaya a sa muryar Baba, sai na ɗauki waya, na ga saƙon da Rashidi ya turo, na kasa danna shi. Ban shirya sake jin wannan numfashin ba. Amma ina buƙatar in san tsawon gurbin da zan bari. Sai shaiɗan ya raɗa mini cewa ai ni ma na iya muryar.

Na gyara makirfo, na yi gyaran murya, na zama Baba Lasisi. Na fara da gaske, addu'a sosai. Can sai wasan yarinta ya kwashe ni, na shiga ƙara abin da ba a sa ni ba. Ni kaɗai ne a ɗakin, wa zai ji? Da na gama, saboda murnar yadda kiɗan ya yi daɗi, na ajiye fayil ɗin da suna "Mulika wannan ne."

Daga nan ban ƙara buɗe shi ba.

Azumi ya zo ya wuce. Aka yi ƙaramar salla, aka yi babba. Da zan ce baƙin ciki ne kaɗai ya hana ni, da na yi wa kaina ado. Yana ciki, gaskiya, amma lalaci ya fi shi yawa. Na fara wasu ayyukan na watsar, na fara wasu. Rashidi ya kira in ce saura kaɗan. Alhaja ta gan ni a layi ta ce, "Ɗana, yaya saƙonmu?" in rusuna in ce, "Mama, ai saura kaɗan." Ta sa mini albarka ta wuce.

Ban farga ba sai da na ga ana kafa rumfa a ƙofar gidansu.

Abin da na yi a kwanakin nan na ƙarshe ba aiki ba ne, gudun ceton rai ne. Na nemo mawaƙiyar bayan sallar Juma'a, ta rera a gaggauce tana duba agogo. Ranar Asabar da safe, lokacin da maza suke wurin ɗaurin aure, ni ina sama ina fama da ƙarar fanka a muryar Baba. Ina cikin fitar da aikin aka ɗauke wuta. Na sauka na roƙi mai shagon ƙasa ya tada janareta, na sake. Kowane fayil na fitar da sunan da nake ba shi: "Mulika sabo," "Mulika ƙarshe," "Mulika ƙarshe ƙarshe." Rashidi yana ta kira. Na zura filash don in kwafi aikin, idona ya sauka a kan jerin sunaye masu kama da juna, na ga wanda aka rubuta "wannan ne." To, me kuma ake nema? Na ma kunna farkonsa don in tabbatar, na ji kiɗan nan mai sanyi ya taso, na kashe. Na zura babbar riga na hau mashin.

Ɗakin taron ya cika. Ɓangare guda dangin Alhaja ne, wasu tun daga Ogbomosho suka yi doguwar tafiya, ɗaurin kansu kamar zai taɓa rufi. Ɗaya ɓangaren dangin ango, gidan malamai ne, mutane masu natsuwa waɗanda ko dariya a hankali suke yi. Mahaifiyata, Inna, tana layin gaba cikin ankon gidan amarya. Na miƙa wa mai kula da na'ura filash, na ce masa idan an ba shi alama ya danna kawai. Sannan na koma can baya na samu kujera, aka ajiye mini farantin shinkafa. Tun safe ban sa komai a cikina ba. Na ji wani irin sanyi a raina, irin na wanda ya sauke nauyi. Har ina tunanin yadda za a riƙa nuna ni ana cewa shi ne ya yi.

Bayan an ci an sha, mai gabatarwa ya nemi a yi shiru. Ya ce akwai wanda ya kamata a ce yana zaune a nan yau, Allah bai nufa ba. Aka yi wa Baba addu'a. Ya ce marigayin ya bar wa 'yarsa saƙo da bakinsa. Na hango Mulika ta ɗago kai da sauri ta dubi yayanta. Alhaja ta riƙe mata hannu.

Kiɗa ya tashi. Mutane suka fara gyaɗa kai. Na kai loma baki.

Sai muryar ɗan akuyan nan ta fito daga lasifika.

Na tsaya da cokali a hannu. A daƙiƙar farko abin da ya zo mini shi ne, to, an yi abin kunya, amma ƙarami ne, za a ce mawaƙiyar mura take yi. A ta biyu na tuna abin da ke biye da waƙar. Na miƙe. Tsakanina da mai na'ura akwai tebura, akwai mata sun cika hanya sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Na shiga kutsawa ina "Gafara, Hajiya, gafara," ina ɗaga hannu ina yi masa alamar ya kashe. Ya hango ni, ya ɗaga mini babban yatsa, ya ƙara sauti.

Kiɗa ya tsaya cak, kamar yadda Alhaja ta nema.

Aka ji gyaran murya. "Bismillahi. Mulika, 'yata, Allah ya yi miki albarka."

Wallahi abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne sun yarda. Ɗakin ya ɗauki "Allahu akbar." Wata tsohuwa ta fashe da kuka. Mulika ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Mutum biyu kawai na ga sun daskare, Rashidi da Alhaja, domin su sun san muryar da suke jira ba ta da wannan ƙarfin.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Ki yi haƙuri da mijinki. Amma fa idan ya cika surutu, ki tattaro kayanki ki dawo, shinkafa ba ta ƙare a shago ba. Kai kuma Rashidi, malalaci, wallahi tallahi idan ka karya mini kasuwa sai na taso!"

Daga nan sai dariya. Dariyata, wadda duk Fagge ta sani. Sai muryata ta gaskiya, ina hamma: "To, nan ne za a sa muryar tsohon. Kai, yunwa nake ji." Aka ji ƙarar buɗe taga. "Mai awara! Ke mai awara!"

A nan mai na'ura ya gane, ya kashe.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, ni da sana'ata sauraro ce. Wani yaro ya fara dariya, aka toshe masa baki. Tsohuwar da ke kuka ta juya tana tambayar na kusa da ita da Yarabanci, ba sai an fassara mini ba, tambaya take me ya faru. Dattawan gidan ango suka sunkuyar da kai ƙasa, wanda ya fi zagi ciwo. Ni kuwa ga ni a tsakiyar fili, na fito daga cikin mata ban kai ga na'ura ba, babbar riga ta zame daga kafaɗa, cokali a hannu. Mulika ta yaye mayafinta ta dube ni. Ba harara ba ce. Kallo ne na wadda aka miƙa wa mahaifinta, ta kai hannu, aka janye.

Rashidi ne ya ceci abin da ya rage. Ya taka a hankali ya karɓi makirfo, ya ce, "Jama'a, a yi haƙuri, an samu kuskure. Ga Baba." Ya kara wayarsa a bakin makirfon. Ƙarar fanka ta cika ɗakin, da tarin, da numfashin. "Mulika, ƙila ranar ba na nan."

Ban tsaya jin sauran ba. Na sulale ta ƙofar gefe na kama hanya. Sai da na kai Sabon Gari a ƙafa, na hau sama, na laluba aljihun wando neman makulli, sannan na tuna da mashin na zo. Yana can ƙofar ɗakin taro, makullin situdiyo kuma yana cikin akwatinsa. Haka na juyo. Na iso daidai lokacin da ake fitowa, na ratsa ta cikin mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, wasu har suna matsa mini hanya kamar mai cuta. (Cokalin ma a aljihun rigar na same shi washegari. Ban san gidan da zan mayar ba.)

Kafin gari ya waye bidiyon ya zaga wayoyin unguwa. Wani mawaƙi da muke tsakiyar aiki ya aiko a karɓar masa abinsa. Yara a layi suna hango ni sai su ce "Mai awara!" su ruga. Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne Rashidi ya daina ɗaga wayata, kuma katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Inna ta jira sai da baƙi suka watse. Ran nan da hantsi ta yafa mayafi ta tsaya a ƙofar ɗakina ta ce, "Tashi mu je. Ni na zauna a layin gaba na sha kunyar, kai ma za ka je ka sha taka."

Muka tarar da Alhaja a tsakar gida a kan dadduma, da carbi. Na durƙusa. Duk jawabin da na tsara ya gudu, abin da ya fito kawai shi ne, "Mama, ki yafe mini."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Ɗana, kana tsammanin kwaikwayon ne ya ɓata mini rai? Yana da rai kuke yi. Yana jin ku ta taga, ya ce mini, 'Ji ɗan banzan nan, ya fi ni iya muryata.' Wannan ba komai ba ne."

Ta ajiye carbin.

"Abin da ya yi mini zafi, tun kafin azumi aka ba ka. Duk ranar da na tambaye ka, ka ce saura kaɗan, ni kuma in sa maka albarka. Mutumin nan numfashi yana gagararsa, likita yana cewa ya huta, ya ce a'a, sai ya gama. Ya daure ya kai maganarsa ƙarshe. Kai da lafiyarka, da ƙuruciyarka, ka kasa kai taka."

Inna tana gefe tana share hawaye. Ni ko ɗaga kai ban iya ba.

"Na yafe maka," in ji Alhaja. "Amma Mulika ba ni ba ce, Rashidi ma ba ni ba ne. Tashi ka je."

Daga gidan situdiyo na wuce. Ban san me zan yi ba, sai na buɗe kwamfuta na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na fara sana'ar. Na buɗe folda biyu, ɗaya na sa mata "An gama," ɗaya "Ana kai." Na shiga bin ayyukana ɗaya bayan ɗaya, ina sauraron kowanne har ƙarshe kafin in jefa shi inda ya dace. Abin ya ɗauke ni kwanaki. Da na kammala na dubi foldar farko, sai na ji kunya ta biyu, wadda ba mai kallo. Shekarun da na yi ina kiran kaina furodusa, abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Ɗayar kuwa ta cika maƙil da waƙoƙi masu kyakkyawan farko. Har wanda na fitar a safiyar bikin na saurara, wanda nake ta cewa da shi na ɗauka da an tsira. Ashe garin gaggawar cire ƙarar fanka na yanke wa Baba "amin" ɗinsa na ƙarshe, muryar kuma ta koma kamar daga cikin tulu.

Dokokin da na kafa wa kaina ba su da wani armashi. In buɗe situdiyo da safe lokacin da mai shagon ƙasa yake buɗe nasa, ko abin ya motsa ko bai motsa ba. Waya ta zauna a aljihun riga, rigar a rataye bayan ƙofa. Ba na fara sabon aiki sai na tura wani zuwa "An gama." Kafin in tashi, in sa wa fayil kwanan wata, in rubuta a jikin sunansa abin da ya rage, da gaskiya: "ba a gyara amshi ba," "muryata ce, kada a fitar." Ranar Alhamis da yamma in zauna in saurari duk abin da na taɓa a makon, in gwada shi da na makon jiya. Kuma ba abin da zai fita daga ɗakin nan sai na ji shi tun daga farko har inda sauti ya mutu.

Kada ku ɗauka na zama wani mutum dare ɗaya. Makon farko na yi ƙoƙari, na biyu na koma barcin safe. Akwai ranakun da nake zama a gaban fiyano ba abin da ke zuwa sai hamma, in gyara ganga ɗaya in tashi. Akwai lokacin da na watsar gaba ɗaya, sai da na haɗu da Alhaja a bakin layi, ta amsa gaisuwata da fara'a ba ta tambaye ni komai ba. Washegari na riga mai shago buɗewa. Abin da na lura da shi a hankali, a zaman Alhamis ɗin nan, shi ne aikin ranakun hamma bai fi na ranakun da abin ya motsa muni ba. Wani lokacin ma ya fi tsabta. Hotunan "Ana kan aiki" kuwa na daina, don na gano mai aiki ba ya samun hannun ɗaukar hoto.

Saƙon Baba shi na fara sawa a gaba, ko da yake ba wanda ya ce in yi. Kowace safiya in buɗe shi in yi kaɗan. Kwanakin farko ina yi ina tsayawa in fita baranda. Daga baya na saba da muryar, har na fara jin abin da ban ji ba da: inda ya yi 'yar dariya da ya ambaci rigimar Mulika tana ƙarama, inda ya kira sunan Alhaja a hankali. Na rage fankar ban kashe ta ba. Tarin ma na bar guda, don na ga idan na cire shi kamar na ƙaryata wahalar da ya sha. Da na gama na tura wa Rashidi ba tare da dogon bayani ba. Na ga alamar ya buɗe. Bai ce komai ba.

Watanni suka shuɗe. Wata safiya ina aiki na ji taku a matakala, na juya, sai ga shi a bakin ƙofa. Ya dubi ɗakin, ya dubi agogon hannunsa.

"Kai ne a nan da safiyar nan, ko aljani?"

"Ni ne."

Ya zauna a kujerar da ya zauna ranar farko. "Kunna mini a manyan lasifikan. A waya ba na jin daɗinsa."

Na kunna. Muka saurara har "amin." Ya goge ido da hularsa.

"Mulika ta sauka jiya," ya ce. "Namiji. Sunan Baba za a sa masa. Tun da cikin ya tsufa kullum sai ta kunna wannan." Ya miƙe ya kama hanyar fita, sannan ya juyo. "Ta ce a gaya maka ka zo suna. Ta ce ka zo ka ci abinci. Amma don girman Allah kada ka kawo komai."

Na je, hannu rabbana. Na zauna a baya, na ci abin da aka ba ni, na yi wa jariri addu'a a hankali da muryata ta kaina.

Yanzu matasa masu sha'awar sana'ar sukan hawo su tarar da ni a kan kujera tun safe, su ga yadda komai yake a jere, su ce, "Oga, yaya aka yi ka iya wannan tsarin?" Sai in ce musu su zauna kowace rana, su rubuta inda suka tsaya, su saurari aikinsu har ƙarshe. Su ce shi ke nan? In ce shi ke nan. Nakan ga ba su gamsu ba, sun so a ce akwai wani sirri. Babu. Wasu a littafi suka karanta wannan suka gyaru, wasu bita aka tura su. Ni sai da aka tara mini mutane tun daga Kano har Ogbomosho, aka ƙara sauti, sannan ya shiga kaina. In dai kana da zaɓi, ɗan'uwa, ka bi ta littafin.